Pure Data, SuperCollider, Csound ko VCV Rack: da wanne za ka gina kiɗan dogon amo?

Mai sabuwar sha'awar kiɗan dogon amo, wanda masu yinsa ke kira dron, yakan ɗauka aikin ba wuya: ka tayar da amo ɗaya, ka sake shi ya yi ta tafiya. Ba ya daɗewa yake gane ba haka abin yake ba. Amon da ba ya motsi ko kaɗan, bayan minti ɗaya ko biyu kunne ke yin watsi da shi, kamar yadda ake mantawa da ƙarar fanka a ɗaki. Abin da ke zaunar da mai sauraro minti talatin bai gaji ba shi ne motsin da ke can cikin amon, motsi mai nawa ƙwarai, wanda ba ka ganin lokacin da ya fara, sai dai ka farga cewa inda kake yanzu ba nan kake ɗazu ba.

Wannan salo ya girmi kwamfutar da ke gabanka. A shekarar 1960 La Monte Young ya rubuta wani aiki a Amurka wanda duk abin da ke cikinsa amo biyu ne, da umarnin a riƙe su na dogon lokaci. Éliane Radigue kuwa ta shafe shekaru da dama a Faransa tana aiki da na'urar haɗa sauti guda, ARP 2500, tana murɗa maɓallanta a hankali tana naɗa a tef. Na kawo su ne saboda suna nuna hanyoyi biyu da har yau ake bi: akwai mai fara da lissafi da tsari a rubuce, akwai mai fara da hannu da kunne. Zaɓen manhaja kusan duk a kan wannan ya rataya, ba a kan wadda ta fi daɗin sauti ba. Tsantsar amo mai kaɗawa 110 a daƙiƙa, ko daga wace manhaja ya fito, kunnenka ba zai bambance ba.

Kafin a shiga kwatanci, akwai abu ɗaya da dole a fahimta, domin shi ne ƙashin bayan wannan kiɗa. Idan ka kunna amo biyu, ɗaya 110 Hz (Hz na nufin yawan kaɗawa a daƙiƙa) ɗaya 110.2 Hz, ba za ka ji su biyu ba. Amo ɗaya za ka ji yana kumbura yana saɓewa sau ɗaya a kowace daƙiƙa biyar, kamar numfashi. Ka rage tazarar zuwa 0.05, numfashin ya koma na daƙiƙa ashirin. Haka kuma idan ka ɗora 165 Hz a kan 110, wato uku bisa biyu cif, za su kwanta da juna lumui. Amma in ka ɗauko na allon fiyano, wanda yake 164.81, 'ya'yan amon da ke sama, wato ƙananan amon da ke tafiya a ninkin kowane amo, ɗaya a 330 ɗaya a 329.63, za su riƙa gogayya, ka ji rawa kusan kowace daƙiƙa uku. Duk wanda zai yi dron, da irin waɗannan ƙananan lambobi yake sassaƙa. Saboda haka gwajin da nake yi wa kowace manhaja guda ne: ina son amo ashirin da huɗu kewaye da 110 Hz, kowanne ya ɗan kauce wa ɗan'uwansa, kowanne yana yawo a hankali, sannan duka su buɗe sannu a hankali cikin minti ashirin. Wace ce za ta ba ni wannan ba tare da ta sha mini kai ba?

Pure Data, da ake taƙaitawa Pd, Miller Puckette ne ya fitar da ita a 1996, bayan ya riga ya ƙirƙiri wata manhaja mai suna Max a cibiyar binciken kiɗa ta IRCAM ta birnin Paris. Kyauta ce. Fili fari take ba ka, ka ajiye ƙananan akwatuna, ka ja zare daga wannan zuwa wancan. Akwatin osc~ yana ba da tsantsar amo, dac~ yana kai shi lasifika, line~ yana tafiyar da lamba daga nan zuwa can cikin lokacin da ka faɗa. Cikin mintuna kaɗan mutumin da bai taɓa rubuta umarnin kwamfuta ba zai haɗa amo biyu ya ji numfashin da na ambata, kuma yana ganin hanyar da sautin ya bi da idonsa. A wajen koyo ban san abin da ya kai wannan ba. Ga ta da sauƙin nauyi: tsohuwar kwamfuta na ɗaukarta, ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi ma haka, shi ya sa masu girka sauti a ɗakin baje kolin fasaha, inda ake so amo ya kwana ya wuni yana tafiya, suke yawan dogara da ita.

Inda Pd ke fara nauyi shi ne idan amo ya yi yawa. Amo ashirin da huɗu, kowanne da nasa mai jujjuya shi, in ka ce zare za ka ja wa kowanne, filin zai zama saƙar gizo-gizo, bayan wata guda kai da ka haɗa ba za ka gane kansa ba. Akwai magani: ka gina murya ɗaya a fayil nata, sannan akwatin clone ya hayayyafa maka ita sau nawa kake so. Yana aiki sosai, sai dai sai ka koyi tsara gidanka tun da wuri. Haka nan asalin Pd ba ta zo da akwatin da ke yawo a hankali da kansa ba, sai ka haɗa shi daga metro da random da line~, ko ka sauko da ɗakin kayan ELSE da Alexandre Porres ya gina. Wanda ke son Pd a cikin manhajarsa ta naɗar sauti, akwai plugdata, wadda ta zo da waɗannan kaya a haɗe.

Akwai tarko biyu da ya kamata mai dron ya sani a Pd. Na farko, lambar da ka rubuta cikin akwati, alƙaluma shida kawai take ajiyewa. Ka rubuta 110.0003, in ka rufe ka buɗe sai ka tarar da 110, numfashin da ka wahala ka samo ya tafi. Dabarar ita ce ka ajiye 110 daban, 0.0003 daban, ka bar akwatin tarawa ya haɗa su. Na biyu, akwatin phasor~ da mutane ke ɗauka su yi amon haƙorin zarto, wato amo mai kaifi da ke cike da 'ya'yan amo, ba a tace shi ba. Kwamfutar da ke ɗaukar samfuri 48,000 a daƙiƙa ba ta iya riƙe abin da ya haura 24,000 Hz, don haka 'ya'yan amon da suka wuce nan sai su juyo baya su faɗo a wuraren da ba nasu ba. A kiɗa mai sauri ba lalle a lura ba. A amon da zai zauna minti ashirin, wannan ƙazanta tana fitowa fili.

SuperCollider ita ce wadda zuciyata ta fi kwantawa da ita, kuma gara in faɗa tun yanzu don mai karatu ya san inda na karkata. James McCartney ya fitar da ita a 1996, ya sake ta kyauta ga kowa a 2002. A nan ba zare ba akwati, rubutu ne. Kashi biyu ce: harshen da kake rubutawa, sclang, da injin da ke fitar da sautin, scsynth, suna magana da juna ta saƙonni. Makon farko yana da ɗaci, ba zan ɓoye ba. Waƙafi ɗaya ya ɓace, komai ya tsaya, saƙon kuskuren kuma ba kullum yake nuna maka inda ciwon yake ba. Da yawa a nan suke juyawa.

Amma dubi abin da ke jiran wanda ya daure. A SuperCollider, idan ka miƙa wa SinOsc, mai ba da tsantsar amo, jerin lambobi maimakon lamba ɗaya, da kanta take haifar da amo ɗaya ga kowace lamba. Gwajin nan nawa na amo ashirin da huɗu, layi biyu ko uku ne. Ka ba kowanne LFNoise1 mai gudun 0.02 Hz, wato kowace daƙiƙa hamsin ya zaɓi sabon wuri ya nufe shi a hankali, sannan Splay ta shimfiɗa su daga kunnen hagu zuwa na dama. Kana son su zama sittin? Lamba ɗaya za ka canza. Kana son jerin uku bisa biyu, bakwai bisa huɗu, goma sha ɗaya bisa takwas? Haka za ka rubuta su, a matsayin rabo, ba sai ka nemo kalkuleta ba. Ga mai tunani da dangantakar lambobi, wannan kamar a ba shi alƙalami ne bayan ya daɗe yana zane da yatsa.

Abin da ya fi wannan a wurina shi ne Ndef. Da shi kake ba amo suna, ya ci gaba da tafiya, kai kuma kana gyara rubutunsa. Ka sa masa lokacin narkewa, a ce daƙiƙa casa'in, duk sanda ka canza wani abu ka aika, tsohon zai riƙa dushewa sabon yana tasowa cikin wannan lokaci, ba tsinkewa, ba ƙwas. Ka ga ke nan rubutun da kansa ya zama abin kaɗawa. Kana zaune cikin amon, ka ji wani ɗan amo na sama ya yi kaifi, ka rage shi, ka jira minti ɗaya da rabi ka ji yadda ɗakin ya sauya. Wannan jira yana koya wa kunne haƙurin da salon ke bukata. Sannan Saw nata, mai ba da amon haƙorin zarto, tatacce ne, ba ya jawo ƙazantar da na ambata, amma LFSaw ba tatacce ba ne, an yi shi don juya wasu abubuwa, kada a ruɗe da kamannin suna.

Gargaɗi ɗaya da nake yi da gaske: a SuperCollider kuskuren lamba guda na iya aiko da ƙara mai tsanani kai tsaye cikin kunnenka. Matatar sauti da aka ba sifili a inda bai dace ba tana iya fashewa. Ka sa Limiter, mai hana ƙara wuce iyaka, a ƙarshen komai, ka sa LeakDC, mai mayar da igiyar amon tsakiya in ta karkace, ka haddace maɓallan tsayar da sauti, wato Ctrl da ɗigo, ko Cmd da ɗigo a Mac, kuma kada ka gwada sabon rubutu da abin sauraro manne a kunne.

Csound ita ce dattijuwar cikinsu. Barry Vercoe ya gina ta a MIT, ta fito a 1986, kuma jininta yana komawa ga jerin manhajojin MUSIC da Max Mathews ya fara a Bell Labs a 1957. Tunaninta daban ne: kana rubuta kayan kiɗa a gefe ɗaya, kana rubuta jadawalin lokaci a ɗaya gefen. Layi ɗaya a jadawalin yana cewa kayan kiɗa na ɗaya ya fara a daƙiƙa sifili ya yi daƙiƙa 1,800. Shi ke nan, ka sami amo na minti talatin. Da linseg ko transeg kake zana yadda kowane abu zai hau ya sauka a tsawon wannan lokaci, poscil yana ba ka amo mai daidaito ƙwarai, jspline yana ba ka yawo mai santsi, reverbsc kuma amsa-kuwwa ce mai faɗi da ta dace da wannan salo sosai. Tubalan gininta sun haura dubu.

Ƙarfin Csound a wurin mai dron shi ne ba dole ta yi aiki a gaban kunnenka ba. Tana iya zama ta lissafa aikin ta zuba shi a fayil, ko da ya ƙunshi amo ɗari biyar da kwamfutarka ba za ta iya kunnawa nan take ba. In ya ɗauke ta awa biyu, ta ɗauka, fayil ɗin zai fito ba tangarɗa. SuperCollider ma tana da irin wannan hanya, amma a can ƙofar gefe ce, a Csound kuwa ita ce babbar ƙofa. Rauninta kuma daga nan ya fito. Idan a minti na goma sha bakwai ka ji abin da bai yi maka ba, sai ka koma rubutu, ka gyara, ka sake saurare. Tana iya aiki kai tsaye, akwai CsoundQt da Cabbage da ke ba ta maɓallai, amma ɗabi'arta ta mai tsara gini a takarda ce. Wanda ya riga ya ji aikin a kansa daga farko har ƙarshe zai ji daɗinta. Wanda sai ya taɓa yake gane abin da yake so zai ji ta ɗaure masa hannu.

Shi wannan na biyun, VCV Rack aka yi dominsa. Andrew Belt ya fitar da ita a 2017, kuma kwaikwayo ce ta na'urorin Eurorack, tsarin da kamfanin Doepfer na Jamus ya kafa a shekarun 1990. A allo za ka ga faifan ƙarfe jere, da maɓallan murɗawa, da wayoyi masu launi da kake sokawa daga rami zuwa rami. Asalin manhajar kyauta ce, mai shiga cikin manhajar naɗar sauti ce ake saya, ko da yake akwai Cardinal da aka gina a kanta wadda ke yin wannan kyauta. Cikin rabin awa za ka iya samun amo mai kauri da daɗi, musamman in ka zuba shi cikin amsa-kuwwar Plateau. Kuma akwai abin da VCV ke bayarwa da sauran ba sa bayarwa da sauƙi: ka mayar da bakin wani faifai cikin kunnensa, ka bar amo yana cin kansa, ka murɗa kaɗan ka ji abin da ba ka taɓa shiryawa ba. Wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da ta masu aiki da hannu irin Radigue.

Sai dai ina da ƙorafi biyu a kanta. Na ɗaya, tsarinta na bolt ɗaya ga kowane ninkin amo ne, wato ka ƙara bolt ɗaya na lantarki, kaɗawar amon ta ninka biyu, don haka uku bisa biyu cif yana nufin kusan bolt 0.585. Ana iya rubuta lamba a maɓalli, akwai kuma faifan da ke taimakawa, amma kullum kana fassara daga harshe zuwa harshe. Waya ɗaya tana ɗaukar murya goma sha shida, to amo ashirin da huɗu sai ka raba biyu. Na biyu ya fi damuna: daɗin da take bayarwa da wuri yana iya zama shinge. Amsa-kuwwa mai faɗi tana rufe aibi, kowane abu ka zuba mata sai ya fito da kwarjini, mutum ya yi wata shida yana tara faifai bai taɓa tambayar kansa me ya sa wannan amo yake numfashi haka ba. Ga cin ƙarfin kwamfuta, domin zanen allon kansa yana bukatar katin hoto mai ɗan ƙwari. Mai tsohuwar na'ura zai ji fankarta na gasa da kiɗansa.

Max ba zan daɗe a kanta ba. 'Yar'uwar Pd ce, uba ɗaya, kamfanin Cycling '74 ke sayar da ita, shi kuma kamfanin Ableton, mai manhajar kiɗa ta Ableton Live, ya saye shi a 2017. Ta fi Pd kyan fuska da bayanin koyo, kuma tun fitowar Max 8 a 2018 tana da akwatunan mc da ke hayayyafa murya cikin zare ɗaya, wanda ya warware matsalar saƙar gizo-gizo. Wanda ya riga yana aiki da Ableton Live, ita ce hanya mafi kusa gare shi. Wanda ba haka ba, ban ga abin da dron ke bukata da zai tilasta masa biya ba.

Wani zai ce shi ba ya son gina amo daga sifili, yana da sautin da ya naɗa, ƙararrawa ko murya ko iska, yana so ya miƙe shi. Wannan ya nemi Paulstretch na Paul Nasca, wanda har a cikin Audacity akwai shi, yana mai da daƙiƙa goma su zama minti goma. Abu ne mai kyau, amma yana da tambarinsa, duk wanda ya saba da shi daga jin farko zai gane. Na fi ganin amfaninsa a matsayin shimfiɗa ɗaya a ƙarƙashin abin da ka gina da hannunka.

To wanne za ka ɗauka? Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma ba zan fake da wannan in ƙi ba da amsa ba. Idan ba ka taɓa haɗa sauti ba, ko kwamfutarka ba ta da ƙarfi, fara da Pd, ka yi wata ɗaya ko biyu da osc~ da line~ da matatar sauti ta lop~ kawai, har kunnenka ya san bambancin tazarar 0.1 da 0.5 ba tare da ka duba ba. Ranar da ka ji zaren ya fara shaƙe ka, ranar ce ta ƙaura zuwa SuperCollider, kuma duk abin da ka koya zai bi ka. Idan ka taɓa rubuta umarnin kwamfuta ko da kaɗan ne, kada ka ɓata lokaci, tafi SuperCollider kai tsaye, ka ba ta makonni uku kafin ka yanke mata hukunci. Idan burinka aiki ne tsayayye na awa guda da za a naɗa a saurara yadda yake, kuma kana jin daɗin tsara abu a rubuce, Csound ba za ta ba ka kunya ba. Idan kuwa rubutu yana kashe maka sha'awa, hannunka ne ke tunani, ɗauki VCV Rack, amma ka ɗaure wa kanka sharaɗi: faifai shida ko bakwai, kuma ka kashe amsa-kuwwa har sai amon ya tsaya da ƙafarsa.

Abin da ban ba da shawara ba shi ne a sauke duka huɗun a mako ɗaya. Kowacce tana bukatar lokaci kafin hannu ya daina tuntuɓe, kuma sai hannu ya daina tuntuɓe kunne ke samun sararin saurare.

Duk wadda ka zaɓa, akwai abubuwan da ba ruwansu da manhaja. Amo ashirin da huɗu in suka haɗu a ganiyarsu, ƙarfinsu taruwa yake, in ya wuce iyakar da kwamfuta ke ɗauka sai ya yage, don haka ka rage kowanne tun daga tushe, ka bar sarari a sama. Lasifikar laftof da ta waya kusan ba sa fitar da abin da ke ƙasa da 100 Hz, saboda haka in a kansu kake aiki za ka yi ta ƙara ƙasan da ba ka ji, ranar da aka kunna a babbar lasifika ya danne komai. Dogon amo kuma yana yaudarar kunne, bayan minti goma sai ka ji kamar ya yi ƙasa, hannu ya kai ga maɓallin ƙarawa. Ka sa alama a inda ka fara, kada ka wuce ta, ka riƙa tashi kana ba kunnenka shiru.

Sannan ɗakin da kake ciki yana cikin kayan kiɗan. Igiyar amon 110 Hz tsawonta ya ɗan haura mita uku, kusan faɗin ɗaki, don haka tana dukan bango ta dawo ta haɗu da kanta, a wani wuri ta ninka, a wani wuri ta kusa ɓacewa. Kafin ka taɓa wata lamba don gyara abin da ka ji ya yi yawa ko ya yi kaɗan, tashi daga kujerar, ka taka zuwa kusurwa, ka dawo tsakiya, ka juya kanka hagu da dama. Sau da yawa za ka tarar lambar daidai take, kujerar ce ke bukatar matsawa taku biyu.